Baƙar Fitila Da Rigar Auren Nereida

Ranar da mutanen unguwa suka zo yi mana gaisuwar mutuwar Yaya Femia, ita tana can kasuwar Juma'a ta garin Okotlan tana faɗa da mai barkono a kan awo.

Da hannuna a ciki, ba zan ɓoye ba. Ni ce Tomasa ƙanwarta, wadda tun muna yara take cewa bakina ya fi ƙafata sauri. To a wannan karon mukulli ne ya fi su duka sauri.

Nereida ita ce 'yar Yaya tilo, malamar firamare, shekararta ashirin da bakwai. Wanda take so Leobardo ne, mai aikin wuta, ɗan wani ƙauye a kan duwatsu, ba shi da gona a nan, ba shi da komai sai tsani da jakar kayan aiki da kunya. Sau biyu danginsa suna zuwa neman aure da kwandon burodi da cakulan da kyandir, sau biyu Yaya tana mayar musu da shi. A garinmu kwando in ya koma sau ɗaya al'ada ce, sau biyu jan aji ne. In ya koma na uku an rufe magana, ko Fada na coci ba ya buɗe ta. Zuwa na ukun kuwa ranar Lahadi ne.

Ga kuma Rutilo a gefe. Shekara takwas ya yi a Amurka, ya dawo da mota da tumbi, ya gina bene a jikin katangarmu har ya toshe tagar ɗakin Yaya. Da aka yi masa ƙorafin duhu sai ya aiko da wata fitila mai rassa, gilasai na reto a jikinta kamar 'yan kunnen amarya, aka rataya a tsakiyar ɗaki. Tun daga ranar yayanmu Hilario ba shi da zance sai nasa.

“Femia, arziki na ƙwanƙwasa ƙofa kina tambayar wane ne? Ki ba shi yarinyar nan mu huta.”

Shi ma dai Yaya ba ta ce to ba. Kullum amsarta ɗaya ce, “A bari tukuna.”

Ranar Alhamis na tarar da Nereida a kicin tana yanka albasa, alhali babu abin da za a dafa da albasa.

“Inna, ki gaya mini me ya yi mata? Ba ya sha, ba ya zagi, in ya gan ta har hula yake cirewa. In kwandon nan ya koma ranar Lahadi, ni kam na gama aure a duniya.”

“Share hawayenki, kin ishe ni. Albasar ma ta gaji.”

Na faɗi haka ne don kada in taya ta, domin ni ma zuciyata ta karye.

Da yamma na je injin niƙa, sai ga Leobardo yana jirana a bakin hanya, yana murza hularsa.

“Inna Tomasa, gobe Mama za ta kasuwa?”

“Za ta. Me za ka sata?”

Ya yi dariya. “Awa uku kawai nake so ki buɗe mini ɗakinta. Fitila zan saka.”

“Fitila kuma? Ba ka ga ta Rutilo ba? Gasa za ka yi da mai bene?”

“Ba gasa ba ce. Akwai abin da na gani, amma ba nawa ba ne da zan faɗa.”

Na dube shi sama da ƙasa. Ruwa ba ya tsami banza, na ce a raina, na kuma ce masa ya zo da ƙarfe tara.

*

Tara daidai ya iso. Makaranta na hutu, don haka Nereida na gida, ta ci kwalliya wai za ta riƙe tsani.

Da ya kwance kayan sai gabana ya faɗi. Wata doguwar sandar ƙarfe ce baƙa wuluk, da rami a tsakiyarta kamar layin dogo, sai kawunan fitila guda uku, su ma baƙaƙe, kowanne kamar ƙaramin kofi.

“Leobardo, gidan da ake neman aure za ka kawo wa baƙin ƙarfe? Babu fari a shagon?”

“Akwai, Inna. Ɗaga kanki ki dubi rufin.”

Na ɗaga. Katakan rufin ɗakin Yaya sun fi ni shekaru, hayaƙin kyandir da turare ya mayar da su baƙi ƙirin.

“In na sa fari a jikin wannan katako, duk wanda ya shigo shi zai fara gani. Baƙin kuwa ɓacewa zai yi, haske kawai za a gani, ba a san daga ina ba. Kan nan kuma kowanne ana jan sa gaba ko baya a kan layin, ana juya shi ya kalli inda ake so.”

“Su kalli me?”

“Ɗaya teburin cin abinci. Ɗaya hoton marigayi Baba Anselmo, shi ƙwansa mai ɗan ja-ja ne kamar hasken kyandir. Ɗayan kuma...” sai ya dubi tsohuwar kujerar Yaya da ke jikin bango.

Nereida ta ce, “Kujera kuma? Ai Mama ta daina surfani tun bara. Ta ce bayanta ke ciwo.”

“Riƙe mini tsanin dai,” in ji shi.

Ga inda aka yi ɓarnar. Lokacin da zai shigo da tsani hannunsa ya cika, sai ya nemi inda zai rataya baƙar wayarsa ta wuta. Ya naɗe ta gida biyu, ya ɗaure tsakiya da baƙin tsumma, jela biyu na lilo, ya maƙala a ƙusar da ke saman ƙofar waje. Ƙusar nan kuwa ita ce wadda baƙin ƙyallen makokin Anselmo mijin Yaya ya shekara a kanta. Duk wanda ya hango daga tsallaken titi, abin da zai gani ke nan, an yi rasuwa a gidan.

Wadda ta hango kuwa Petrona ce, maƙwabciyarmu, wadda in ta ji labari da safe kafin azahar ya yi jikoki. Dama wata bakwai ba a ga Yaya ta zauna a bakin ƙofa da allurarta ba, ana ta raɗe-raɗin ba ta da lafiya.

Mu muna ciki, injin huda katako na ta ƙara, ba mu ji komai ba. Ni ina miƙa ƙusa, su biyun suna satar kallon juna suna zaton makauniya ce ni.

Da injin ya yi shiru sai muka ji addu'a a tsakar gida.

Na leƙa. Mata sun fi ashirin, kowacce da baƙin mayafi, ga kyandir, ga fararen furanni, ga burodi kwando-kwando. Maza na shigo da kujeru. Petrona ta rungume ni tana gunji.

“Tomasa, sai haƙuri. Jiya-jiya na ji tarinta ta katanga, na ce wannan tari ba na tashi ba ne.”

“Tarin wa? Wa ya mutu?”

Kafin ta ba ni amsa motar Rutilo ta tsaya. Ya shigo da wani ƙaton kambin furanni da sai da aka karkata shi ya wuce ƙofa, Yaya Hilario na bayansa yana fyace hanci da gaske, abin tausayi. Rutilo ya ajiye kambin, ya share busassun idanunsa, ya ja Hilario gefe. Sai dai shi mutum ne da ko raɗa zai yi sai an ji a bakin titi.

“Allah ya ji ƙanta, mace ce mai taurin kai. Yanzu sai a yi abin da ya dace. Bayan addu'ar kwana tara a ɗaura auren, ɗakin nan nata kuma in fasa shi ta waje ya zama shago, dama ya yi duhu da yawa.”

“Shagon me za ka buɗe, Rutilo?”

Muryar daga bakin ƙofa ta fito. Yaya Femia ce tsaye, jakar barkono a hannu ɗaya, talotalo a hammata.

Petrona ta saki ƙara ta zube a kan kwandon burodi. Wata ta yi alamar gicciye har sau uku. Hilario ya tafi da gudu zai rungume ta, talotalon ya sare shi a hannu. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, dariya ce ta ƙwace mini har na durƙusa.

Yaya ba ta yi dariya ba. Ta koma waje, ta sa sanda ta sauko da abin da ke kan ƙusa, ta shafa shi da yatsunta.

“Wayar wa ce wannan?”

Leobardo ya fito daga ɗakinta, ƙurar katako har a girarsa. “Tawa ce, Mama. Kuskure ne, ban lura...”

“Daga ɗakina ka fito?”

Leobardo ya gyaɗa kai.

“Ka shiga ɗakina ba da izinina ba, ka kuma kashe ni a bakin ƙofata tun ban ba ka 'yata ba. In na ba ka fa? Ka gaya wa mutanenka kada su wahalar da ƙafarsu ranar Lahadi.” Ta juya ga Rutilo. “Kai kuma ɗauki furenka, ka ajiye wa shagon. Sauran ku na gode, na ga waɗanda za su zo da waɗanda ba za su zo ba. A watse.”

Aka fara fita sum-sum. Petrona ta tsaya tana tambayar ko a bar burodin, Yaya ta yi mata kallo ɗaya ta bar shi.

Leobardo ya ce, murya ƙasa-ƙasa, “Mama, zan tafi. Amma akwai waya a buɗe a sama, ba zan bar ta haka a ɗakin da kike kwana ba. Minti goma.”

“Ka rufe ka fita.”

*

Leobardo ya nufi akwatin wuta da ke bayan ɗakin. Yaya ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado, ko mayafi ba ta cire ba. Nereida ta bi ta ta durƙusa, ni kuma na tsaya a ƙofa, don ba a haife ni in bar irin wannan ta wuce ni ba.

“Mama, ki dube ni. Tun ina ƙarama ban taɓa ƙetare maganarki ba. Kika ce in yi karatu na yi, kika ce kada in tafi birni na zauna. Abu ɗaya na roƙa a rayuwata. In laifi ya yi ki faɗa mini, in talaucinsa ne ki faɗa mini, ai Baba ma da jaki ɗaya ya aure ki.”

“Tashi, Nereida.”

“Ba zan tashi ba. Rutilo ma ba ki ce to ba. Ke nan ba kya so in yi aure ne gaba ɗaya? So kike in tsufa a gidan nan kamar...” sai ta kalle ni ta haɗiye sauran.

“Ƙarasa mana,” na ce. “Kamar Inna Tomasa. Ni ai zaɓa na yi, duk ba su yi mini ba.”

Ba wanda ya kula ni. Nereida ta kifa kanta a gwiwar uwarta tana kuka kamar ranta zai fita.

“Mama, ina son sa. Ban iya ɓoyewa ba kuma. In kin raba mu zan bi maganarki, amma ki sani kin binne ni da raina.”

Na ga haɓar Yaya tana rawa. Matar da ko a jana'izar mijinta ba a ga hawayenta ba sai da kowa ya watse. Ta ture Nereida a hankali, ta jawo akwatin ƙarƙashin gado, ta fito da wani abu a naɗe cikin farin zane.

Rigar aure ce. A gidanmu 'ya ba ta shiga coci sai da rigar da uwarta ta yi wa surfani da hannunta, haka kakarmu ta yi wa uwarmu, haka uwarmu ta yi wa Yaya. Furanni sun cika kafaɗa da hannu, ja da shuɗi da ruwan ƙwai, kyau kamar ka ci. A ƙirji kuma akwai jerin 'yan mutanen nan ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, riƙe da hannun juna, waɗanda duk garin nan ba mai yin su kamar Yaya. Jerin ya zo rabi ya tsaya. Na ƙarshen ma a karkace yake, zare ya cukurkuɗe.

“Wata bakwai ke nan,” in ji Yaya. “Ba bayana ba ne. Idona ne. Ba na ganin kafar allura, Nereida. In na zauna a waje rana ta kashe mini ido, ga mutane na kallo. In na shigo, benen wancan ya cinye taga, fitilarsa kuma walwali kawai take yi mini, inuwar kaina na faɗowa a kan aikin. Ranar da na karɓi kwando za a sa rana. In aka sa rana da me zan fito? In ce wa gari Femia ta makance, ta kai rigar 'yarta wajen mai keken ɗinki?”

“Mama, saboda riga? Ni ko buhu ne zan sa.”

“Ke za ki sa. Ni ce ba zan iya kallo ba. Abu ɗaya na iya a duniya, shi nake so in ba ki.”

Suka rungume juna suna kuka. Ni ma na taya su, ina jin haushin kaina. Gida ɗaya muke kwana, kwano ɗaya muke ci, ban gani ba.

Sai aka yi gyaran murya a bayana.

“Mama, na rufe wayar. Kafin in tafi, don Allah ki zauna a kujerarki sau ɗaya.”

Yaya ta yi saurin goge fuska. “Laɓe ka koma yi?”

“Ban ji komai ba sai abin da na riga na sani. Zuwanmu na farko kin zuba cakulan a gefen kofi, kika rufe da hannu. Zuwa na biyu na ga kin juya wa fitilar nan baya kina kare ido. Haka kakata ta yi shekara biyu tana ɓoye mana. Ban gaya wa kowa ba, ko Nereida.”

Yaya ta dubi inda yake. Sannan ta tashi, rigar a hannunta, ta zauna a kujerar tana ƙunƙuni.

Leobardo ya kashe fitilar Rutilo. Ya murɗa wani sabon makunni a jikin bango a hankali, sai haske ya taso kaɗan-kaɗan. Na ɗaga kai ina neman ƙarfen nan da na yi wa tsiya, da ƙyar na gano shi a jikin katako. Hoton Anselmo ya fito fes, har murmushinsa na gefen baki. Teburi ya yi haske. Ya hau tsani, ya ja kai na uku a kan layin har ya zo bayan kujera.

“Da dama kike ɗinki, ko Mama? To ta kafaɗar hagu zai sauko, don inuwar hannunki ta faɗi waje. Ƙwan wannan fari ne kamar hasken safiya, ja zai fito ja, shuɗi shuɗi. In ya taɓa idonki ki faɗa.”

“Ya taɓa.”

Ya sunkuyar da kan kaɗan.

“Yanzu ya gudu gwiwata. Kai ba ka iya saiti ba ne?”

Ya dawo da shi kamar faɗin yatsa biyu. Hasken ya sauka a cinyarta, daidai kan rigar, fuskarta na cikin inuwa. Furannin nan suka tashi kamar yanzu aka tsinko su.

Yaya ta zare allurar da ke soke a wuyan rigar wata bakwai, ta ciro jan zare, ta lasa bakinsa. Na farko ya wuce ta gefe. Nereida ta damƙe hannuna har na ji zafi. Na biyu ya lanƙwashe. Ta sake lasa, ta matso da allurar cikin hasken, ta riƙe numfashi.

Ya shiga.

Ta ja zaren har ƙarshe tana kallon sa, sai ga dariya da hawaye tare, irin dariyar da rabona da ji tun Anselmo na da rai. Nereida ta yi tsalle ta rungume ni, ta rungume uwarta, ta nufi tsani, na riƙo ta.

“Ke, ba a karɓi kwando ba tukuna.”

Leobardo ya sauko. “Mama, fitila ba magani ba ce. Kakata sai da likita ya wanke mata idon. In kin yarda ranar Litinin in kai ki birni a duba.”

“Ji shi, tun bai shigo gida ba ya fara ba da umarni.” Ta ja hanci. “Je ka ciro mini ƙusar nan ta bakin ƙofa, ba na son sake ganin ta. Ka sauke mini wannan tarkacen gilashin a mayar wa mai shago. Sannan ka gaya wa uwarka cakulan ɗin da ta kawo wancan karon sukari ya yi masa yawa, na Lahadi ta rage.”

Na ce, “Yaya, kwandon da kika mayar? Yaushe kika ɗanɗana?”

“Tomasa, rufe mini baki ki miƙo gwangwanin zare.”

Leobardo ya tsaya riƙe da tsani. Sai da Nereida ta ce masa, “Lahadi ta ce, ba ka ji ba?” sannan ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa.

Na miƙa gwangwanin. Yaya ta tsefe ɗan mutumin nan da ya karkace, ta ajiye jan zaren, ta shiga tona har ƙasa. Abin da ta ciro sai da ya sa muka kalli juna ni da Nereida.

“Yaya, baƙin zare a rigar aure? Ba a taɓa yi ba. Me Petrona za ta ce?”

“Petrona ta riga ta binne ni yau, me ya rage ta ce?”

Ta zura shi a karo ɗaya. Muna tsaye a kanta, ta soka, ta ja, ta soka, hannun nan ya tuna hanyarsa. A ƙarshen jerin, inda aikin ya tsaya wata bakwai, wani ɗan mutum baƙi ya fara fitowa, hannunsa riƙe da na kusa da shi.

Ba ta ɗago ba ta ce, “Kai Leobardo, matsa daga nan, ɗana. Kana tare mini haske.”